BABI NA UKU: TARIHIN RAFIN CONGYECON NA BIRNIN SEUL, 1394 ZUWA 2022

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ma'anar sauyin yanayi da irin barazanar da yake yi wa manyan birane, musamman ta fuskar ambaliyar ruwa da tsananin zafi. An kuma nuna cewa hanyoyi biyu ne birane suka fi bi wajen kare kansu. Hanya ta farko ita ce ta kankare da ƙarfe, wato gina kwalbatoci da madatsai da injinan zuƙe ruwa. Hanya ta biyu kuwa ita ce wadda a wannan kundi aka kira dabarun dogaro da halitta, wato a bar itatuwa da ciyayi da fadamu da rafuka su yi wa gari aikin da suka saba yi tun fil azal, na shanye ruwa da sanyaya iska. Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta fitar da ma'anar waɗannan dabaru a shekarar 2016, sannan Majalisar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da tata ma'anar a taron da ta yi a Nairobi cikin watan Maris na 2022.

Sunan ne sabo, amma aikin tsoho ne. Don tabbatar da haka, wannan babi zai bi diddigin tarihin rafi guda ɗaya, wato rafin Congyecon da ya ratsa tsakiyar birnin Seul, babban birnin Koriya ta Kudu. An zaɓi wannan rafi ne saboda a cikin shekaru ɗari shida an gwada kusan kowace dabara a kansa: an yashe shi, an mayar da shi kwata, an binne shi a ƙarƙashin titi, daga baya kuma aka tono shi. Tambayar da babin zai yi ƙoƙarin amsawa ita ce, wace riba gari ke samu idan ya mayar wa rafi mazauninsa, kuma su wa ke biyan kuɗin wannan riba?

3.1 Yanayin Wurin da Birnin Yake

A shekarar 1392 ne Sarki Tejo ya kafa daular Joson, kuma a 1394 ya mayar da fadar mulkinsa garin Hanyang, wanda shi ne Seul ta yau. Garin yana zaune ne a cikin kwari, tsaunuka huɗu sun kewaye shi: Bugaksan daga arewa, Naksan daga gabas, Namsan daga kudu, sai Inwangsan daga yamma. A 1396 aka gina ganuwa mai tsawon kimanin kilomita 18 wadda ta bi ta kan waɗannan tsaunuka. Ke nan kusan duk ruwan saman da ya sauka a cikin ganuwa ba shi da mafita sai ya gangaro tsakiyar gari, ya taru a rafi guda, ya miƙa gabas ya fita ta wata ƙofar ruwa mai baki biyar da aka yi a jikin ganuwar. Daga nan sai ya faɗa rafin Jungnang, shi kuma ya zuba a Kogin Han. Tsawon rafin gaba ɗaya bai wuce kilomita 11 ba.

Wani abin lura shi ne yadda ruwan sama ke sauka a wannan yanki. Seul takan sami kimanin milimita 1,400 a shekara, amma fiye da rabin wannan ruwa yana sauka ne a tsakanin watan Yuni da Agusta. Saboda haka rafin yana da fuska biyu. A mafi yawan watanni ruwansa kaɗan ne, wani lokaci ma yakan ƙafe, amma da damina ta kankama sai ya tumbatsa cikin 'yan sa'o'i, ya ci gidaje da gadoji. Wannan hali nasa shi ne tushen duk wata matsala da duk wata shawara da za a gani a sassan da ke tafe.

3.2 Rafin a Zamanin Daular Joson

3.2.1 Aikin Sarki Tejong da Sarki Sejong

Sarki na uku, Tejong (1400 zuwa 1418), shi ne ya fara yi wa rafin babban aiki. Bayan wata ambaliya da aka yi a 1410 ta cinye gadar Gwangtong, sai ya sa aka sake gina ta da duwatsu. A 1411 ya kafa ofishi na musamman don aikin rafin, sannan a farkon 1412 aka tara fiye da mutum dubu hamsin suka yi wata guda suna faɗaɗa shi da zurfafa shi da ɗaure gaɓoɓinsa. Daga wannan aiki ne rafin ya sami sunan da aka daɗe ana kiransa da shi, wato Gecon, ma'ana rafin da aka haƙa.

Ɗansa Sarki Sejong (1418 zuwa 1450) ya ɗora daga nan, ya mai da hankali ga ƙananan rassan da ke shigowa daga tsaunuka. A 1441 aka kafa wani ginshiƙi mai alamomi a kusa da ɗaya daga cikin gadojin don auna tashin ruwa, har gadar ta ci sunan ma'aunin, ana kiranta Supyo. A daidai wannan lokaci ne kuma aka ƙera ma'aunin ruwan sama a fadar Sejong. Wannan ya nuna cewa tun a ƙarni na 15 masu mulkin birnin sun gane cewa ba a iya zama lafiya da rafi sai an san yawan ruwan da yake ɗauka.

3.2.2 Muhawarar Shekarar 1444

A shekarar 1444 aka yi wata muhawara a fadar Sejong wadda tasirinta ya kai shekaru ɗari biyar. Wani malamin fada mai suna Yi Hyon-ro ya ba da shawarar a hana zuba shara da ƙazanta a cikin rafin. Hujjarsa ta fito ne daga ilmin gargajiyarsu na duba zaman tsaunuka da ruwa kafin a kafa gari, wanda ya tanadi cewa dole ruwan da ya ratsa babban birni ya kasance mai tsabta. Wani malamin kuma, O Hyo-com, ya soki wannan ra'ayi. A ganinsa, duk inda jama'a suka taru dole ƙazanta ta taru, kuma dole a sami wata babbar hanya da za ta kwashe ta zuwa bayan gari. Sarki ya karkata ga ra'ayi na biyu.

Idan aka yi la'akari da halin da ake ciki a lokacin, ba za a ce Sejong ya yi kuskure ba, domin garin da ke da mutum kimanin dubu ɗari ba shi da wata magudanar ƙazanta in ban da rafin. Sai dai wannan hukunci shi ya sanya wa rafin matsayinsa a idon hukuma da talakawa: kwata ce ta gari. Abin da aka ɗauka a matsayin kwata kuwa, ranar da aka sami halin rufe shi ba wanda zai yi kukan rashinsa. Za a iya cewa a 1444 aka shuka irin abin da aka girba a 1958.

3.2.3 Babbar Yasa ta 1760

Bayan yaƙin da Japan ta kawo wa Koriya daga 1592 zuwa 1598 da kuma harin Mancu na 1636, mutanen karkara da yawa sun kwararo cikin birnin, har yawan jama'a ya doshi dubu ɗari biyu. Baƙin nan suna bukatar itacen girki da na ɗumama ɗaki da wurin noma. Duk da cewa akwai dokar da ta hana sare itatuwa a kan tsaunukan nan huɗu, sannu a hankali aka aske su, aka nome gangarensu. Da ƙasa ta rasa saiwoyin da ke riƙe ta, sai kowace damina ruwa ya kwaso yashi da laka ya jibge a cikin rafin. Kafin tsakiyar ƙarni na 18 rafin ya cike har gindinsa ya kusa daidai da gadoji, ƙofar ruwan da ke jikin ganuwa kuma tana yawan toshewa, ta yadda ruwa kaɗan ma kan jawo ambaliya.

Sarki Yongjo (1724 zuwa 1776) ya daɗe yana tuntuɓar fadawansa da talakawan birni kafin ya yanke shawara. A 1760 aka yi babbar yasa wadda ta ɗauki kwana 57, aka yi amfani da mutum kimanin dubu ɗari biyu, mafi yawansu mazauna birni da suka fito aikin gayya, sauran kuma 'yan ƙodago da aka biya. An sassaƙa alama a jikin ginshiƙin gadar Supyo don nuna zurfin da aka kai, saboda na baya su san inda za su tsaya idan sun zo yasa. An dasa itatuwa masu son bakin ruwa a gaɓoɓin rafin don su riƙe ƙasa, sannan a 1773 aka ɗaure gaɓoɓin da duwatsu.

Abu mafi muhimmanci ga wannan nazari shi ne ofishin dindindin da Yongjo ya kafa don yasar rafin lokaci-lokaci, wanda aikinsa ya haɗa har da tsaron itatuwan tsaunukan da ke kewaye da birnin. Wato dai hukumar wancan zamani ta gano cewa ciwon yana bayyana ne a cikin rafi, amma asalinsa yana kan tsauni. Wannan fahimta ita ce ginshiƙin abin da a yau ake kira dabarun dogaro da halitta. Daɗin daɗawa, tun a lokacin an fara ganin alaƙar rafin da talauci, domin yashin da aka kwaso an tara shi ne tsibi-tsibi a kusa da ƙofar ruwa, kuma a jikin waɗannan tuddai marasa galihu suka riƙa haƙa ramuka suna kwana.

3.3 Daga Mulkin Japan Zuwa Binne Rafin

Japan ta mallaki Koriya daga 1910 zuwa 1945. A wannan zamani ne sunan Congyecon ya maye gurbin Gecon. Ma'anar sabon sunan ita ce rafin kwari mai garai-garai, alhali kuwa a lokacin ne rafin ya fi ƙazancewa, saboda jama'a sun ƙaru kuma an yi sakaci da yasa. Haka kuma rafin ya zama tamkar iyaka tsakanin unguwannin 'yan ƙasa da ke arewa da unguwannin Japanawa da ke kudu. 'Yan mulkin mallaka sun tsara rufe shi, amma ɗan guntu kawai suka samu suka rufe daga 1937 kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye kuɗin aikin.

Yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 ya ƙara dagula al'amura. Dubban 'yan gudun hijira da ba su da inda za su sa haƙarƙarinsu suka kakkafa rumfunan katako a kan turaku a gefen rafin, suna zuba bayan gida da ruwan wanki kai tsaye a cikinsa. Ga wari, ga cututtuka, ga gobara, ga kuma ambaliya duk damina. A idon gwamnatin da ke neman nuna wa duniya cewa ta farfaɗo, wannan wuri abin kunya ne.

Saboda haka a 1958 aka fara rufe rafin da kankare gadan-gadan, aikin da aka yi ta yi kashi-kashi har zuwa ƙarshen shekarun 1970. A cikin wannan aiki aka ɗebe tsohuwar gadar Supyo, daga baya aka kai ta wani lambun shaƙatawa mai suna Jangcungdan, gadar Gwangtong kuwa aka binne ta a inda take. A zamanin magajin gari Kim Hyun-ok, wanda saboda zafin aikinsa ake yi wa laƙabi da katafila, aka fara gina gadar sama a bisa rufin a 1967, aka kammala ta a 1976. Daga ƙarshe wurin ya zama titi mai layi goma a ƙasa da layi huɗu a sama.

Mazauna bakin rafin kuwa tashinsu aka yi. Da yawa daga cikinsu, tare da waɗanda aka tasa daga wasu unguwannin talakawa, an kwashe su zuwa wani fili a bayan birni inda babu ruwan sha ko aikin yi. A ranar 10 ga Agusta, 1971 mutanen wannan wuri suka yi bore, kuma a nan ne garin Songnam na yau ya samo asali. A gefen sabon titin kuma sai kasuwanni da ƙananan masana'antu suka bunƙasa, na tufafi da kayan lantarki da kayan ƙarfe. A tsakanin 1960 da 1990 yawan mutanen Seul ya tashi daga kimanin miliyan biyu da rabi zuwa sama da miliyan goma, kuma a wancan zamani ana kallon gadar saman a matsayin shaidar cigaban ƙasa.

3.4 Tono Rafin, 2003 Zuwa 2005

Abubuwa uku ne suka haɗu suka sauya ra'ayin jama'a. Na farko shi ne tsoron rushewa. A watan Oktoba na 1994 wani sashe na gadar Songsu da ke kan Kogin Han ya rufta, mutum 32 suka mutu. A watan Yuni na 1995 kuma babban kantin Sampoong ya rushe, mutum sama da ɗari biyar suka rasa rayukansu. Waɗannan masifu sun sa aka shiga binciken gine-ginen da aka yi cikin gaggawa, aka kuma gano cewa iskar da ke tashi daga ƙazantar da ke ƙarƙashin titin Congyecon tana cin ƙarfe da kankaren rufin. Gyaran zai ci kuɗi mai yawa, kuma ba zai ɗore ba.

Na biyu shi ne cunkoso da hayaƙi. Motoci kimanin 168,000 ne ke bin hanyar a kowace rana, tsakiyar birnin kuma tana ta tsufa, masu hali suna ƙaura zuwa sababbin unguwannin kudancin Kogin Han. Na uku shi ne ƙoƙarin masana. Tun farkon shekarun 1990 wasu malaman Jami'ar Yonsei, ciki har da Noh Soo-hong, suka fara nazarin yiwuwar dawo da rafin, kuma fitacciyar marubuciyar nan Park Kyung-ni ta mara musu baya, abin da ya jawo hankalin jaridu.

Lee Myung-bak ya ɗauki wannan ra'ayi ya mai da shi alƙawarin yaƙin neman zaɓe, ya kuma ci kujerar magajin gari a 2002. An fara rusa gadar sama ranar 1 ga Yuli, 2003, aka buɗe sabon rafin ranar 1 ga Oktoba, 2005, wato cikin wata 27. An buɗe kimanin kilomita 5.8, aka gina gadoji 22, aka kashe kimanin Won biliyan 386. An tsara ramin rafin ne yadda zai iya ɗaukar irin ambaliyar da ake lissafin aukuwarta sau ɗaya a shekara ɗari biyu. Hanyar masu tafiya a ƙasa tana can ƙasa a bakin ruwa, kuma da gangan aka yi ta yadda ruwa zai haye ta idan an yi mamako, don haka akan fitar da jama'a a rufe mashigai da zarar hadari ya haɗu. A gefe biyu kuma an shimfiɗa manyan magudanan ƙazanta don raba ta da ruwan rafin.

An yi fargabar cewa cire titin zai tsayar da zirga-zirgar birnin cik. Hakan bai faru ba, domin a watan Yuli na 2004 hukumar birnin ta sake fasalin motocin safa gaba ɗaya, ta ware musu layi na musamman a tsakiyar manyan tituna, ta kuma haɗa kuɗin shigarsu da na jirgin ƙarƙashin ƙasa a kati ɗaya. Wannan ya nuna cewa ba a iya ba wa rafi fili a tsakiyar gari sai an tanadi wata hanyar da jama'a za su bi. Nasarar aikin na daga cikin abubuwan da suka ɗaukaka sunan Lee har ya zama shugaban ƙasa daga 2008 zuwa 2013.

3.5 Ribar da Aka Samu

Riba ta farko ita ce sanyi. Kwalta da kankare suna shan zafin rana da yini su sake shi da dare, shi ya sa tsakiyar gari ta fi bayan gari zafi. Ruwa da ganye kuwa suna sanyaya iska ta hanyar tururin da ke tashi daga jikinsu, sannan cire gadar sama ya buɗe wa iska hanya. Awon da aka yi bayan kammala aikin ya nuna cewa bakin rafin ya fi titunan da ke 'yar tazara da shi sanyi da digiri 3.3 zuwa 5.9 a ma'aunin Salshiyas. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga birnin da zafinsa ya kai digiri 39.6 a ranar 1 ga Agusta, 2018, mafi tsanani tun da aka fara ajiye alƙaluma a 1907.

Riba ta biyu ita ce dawowar halittu. Ƙidayar da aka yi tsakanin 2003 da 2008 ta nuna cewa nau'o'in tsirrai sun tashi daga 62 zuwa 308, na kifi daga 4 zuwa 25, na tsuntsaye kuma daga 6 zuwa 36. Ƙurar da ke cikin iskar wurin ita ma ta ragu da kimanin kashi ɗaya bisa uku. Riba ta uku kuwa ta jama'a ce, domin dubban mutane ne ke zuwa wurin kullum don shan iska ba tare da biyan ko sisi ba, wanda hakan mafaka ce ga wanda ba shi da na'urar sanyaya ɗaki.

3.6 Sukar da Aka Yi wa Aikin

Duk da wannan riba, masana muhalli da dama sun ce abin da aka gina bai cika sunan rafi ba. Hujjarsu ta farko ita ce asalin ruwan. Mafi yawan rassan da ke gangarowa daga tsaunuka suna nan a binne, ruwansu yana faɗawa magudanan ƙazanta. Ruwan da ake gani yana gudu kuwa injina ne ke kawo shi, kimanin tan 120,000 a kowace rana, mafi yawansa daga Kogin Han, sauran daga ruwan da ke tsattsafowa a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Wannan yana cin wutar lantarki da biliyoyin Won duk shekara. Bugu da ƙari, an shimfiɗa wa gindin rafin abin da ke hana ruwa nutsewa, don haka ba ya ciyar da ruwan ƙarƙashin ƙasa yadda rafin asali ke yi.

Hujja ta biyu ta shafi ƙazanta. A tsohon sashen birnin, magudana ɗaya ce ke ɗaukar ruwan sama da ruwan ƙazanta. Idan an yi ruwa mai ƙarfi magudanar takan cika, sai ƙofofin da ke jikin bangon rafin su buɗe, gurɓataccen ruwa ya kwararo, kuma sau da dama an wayi gari an ga matattun kifaye. Wato har yanzu rafin yana yin aikin da O Hyo-com ya yanka masa a 1444, sai dai a ranakun mamako kawai. Hujja ta uku ta tarihi ce. Saboda gaggawar kammala aiki kafin wa'adin magajin gari ya ƙare, an sake gina gadar Gwangtong a wani wuri da ba mazauninta na asali ba, gadar Supyo ta asali kuma ba a dawo da ita ba. Ita kanta Park Kyung-ni daga baya ta fito fili ta soki yadda aka gudanar da aikin.

Suka mafi nauyi ita ce wadda ta shafi 'yan kasuwa. Akwai shaguna kimanin dubu sittin a yankin. Hukuma ta yi dubban tarurruka da masu su, amma ba ta biya diyyar asarar ciniki kai tsaye ba. 'Yan tebur an kwashe su zuwa tsohon filin wasa na Dongdemun, daga baya a 2008 aka sake tashinsu zuwa wata kasuwa. Masu shaguna kuma an yi musu alƙawarin sabuwar cibiyar kasuwanci mai suna Garden Five a kudu maso gabashin birnin, amma da aka kammala ta kuɗin shagunan ya fi ƙarfin da yawa daga cikinsu, waɗanda suka shiga ma wasu sun rasa masu saye. A bakin rafin kuwa farashin fili da kuɗin haya suka tashi. Ke nan sau biyu ana tashin masu ƙaramin ƙarfi saboda rafi ɗaya: lokacin da za a rufe shi, da lokacin da za a buɗe shi.

3.7 Gwajin da Mamakon Ruwa Ya Yi wa Birnin

Shekarun da suka biyo baya sun nuna iyakar abin da rafi guda zai iya yi. A ranar 21 ga Satumba, 2010 an yi ruwan da ya kai milimita 259 a yini ɗaya, dandalin Gwanghwamun da ke daf da mafarin rafin ya cika da ruwa, saboda magudanan da ke ƙarƙashin tituna sun kasa kai ruwan zuwa rafin cikin sauri. A watan Yuli na 2011 ƙasa ta zaftare daga tsaunin Umyon, mutum 16 suka mutu. A ranar 8 ga Agusta, 2022 kuwa aka auna milimita 141.5 cikin sa'a ɗaya a gundumar Dongjak. Unguwar Gangnam ta nutse, kuma a gundumar Gwanak mutum uku 'yan gida ɗaya suka mutu a ɗakinsu na ƙarƙashin ƙasa, irin ɗakunan da talakawa ke haya saboda araha.

Bayan wannan masifa, magajin gari Oh Se-hoon ya ba da sanarwar haƙa manyan ramukan tara ruwa a can ƙarƙashin ƙasa a Gangnam da Gwanghwamun da Dorim, irin wanda aka kammala a Sinwol a 2020 mai ɗaukar ruwa tan 320,000. Wannan ya nuna cewa birnin da aka riga aka shafe mafi yawan ƙasarsa da kwalta ba zai wadatu da dabarar halitta kaɗai ba. Haka kuma ya nuna cewa gyara wuri ɗaya a tsakiyar gari, komai kyansa, ba ya ceton wanda ke kwana a kwari a wata unguwa.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an bi tarihin rafin Congyecon tun daga kafa birnin Hanyang a 1394 har zuwa ambaliyar 2022. Daga abin da ya gabata za a iya fitar da darussa huɗu. Na farko, binne rafi ba ya kawar da ruwa, yana ɓoye shi ne kawai, kuma kuɗin tono shi daga baya ya fi na kiyaye shi tun farko. Na biyu, lafiyar rafi tana rataye ne a wuyan ƙasar da ke shayar da shi, kamar yadda hukumar Sarki Yongjo ta gane tun a 1760, amma aikin 2003 ya tsaya a kwari bai hau tsauni ba. Na uku, dabarar halitta da ta kankare abokan tafiya ne, kowace tana cike giɓin 'yar'uwarta. Na huɗu, idan ba a tanadi makomar masu zama da masu nema a bakin ruwa ba tun kafin a fara aiki, to sanyin da aka samar wasu ne za su sha shi, waɗanda suka biya kuɗinsa kuma suna can nesa.

Saboda haka amsar tambayar da aka yi a gabatarwa ita ce, ribar tabbatacciya ce ta fuskar sanyi da iska da walwalar jama'a, amma ba ta kai yadda ake yayatawa ba ta fuskar ambaliya, kuma rabonta bai yi daidai ba. A babi na huɗu za a ɗauki waɗannan darussa a auna su da halin da rafin Jakara da kududdufan birnin Kano suke ciki, ganin cewa shi ma Jakara rafi ne da ya ratsa tsohon birni mai ganuwa, ya daɗe yana kwasar ƙazantar gari, kuma a shekarun 2010 aka fara aikin killace shi da kankare da shimfiɗa titi a kansa.